Mu fito da ilimin kuɗi daga ɗakin taro

'Yan'uwa masu riƙe da ƙungiyoyin matasa a Kano, akwai maganar da ya kamata mu gaya wa kanmu. Kusan kowace ƙungiya yanzu tana da shirin wayar da kai kan kuɗi da tanadi. A kama ɗakin taro a cikin gari, a buga kyalle, a gayyato ma'aikacin banki ya yi jawabi da Turanci, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. Bayan kwana biyu wata ƙungiyar ta maimaita, kuma fuskokin da suka cika na farko su ne a na biyu. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta. Yaushe rabon da waninmu ya kai wannan magana Doguwa ko Tsanyawa ko Ajingi?

'Yan damfara kuwa ba sa kasala irin tamu. A Disambar 2016 shirin zuba kuɗi na intanet mai suna MMM ya rufe da kuɗin mutane, aka yi ta salati. Muka ɗauka an ɗauki darasi, sai ga wani irinsa mai suna CBEX ya rushe a Afrilun 2025, salon bai canza ba: zuba yau, ka kwashi ninki bayan wata guda, ka kawo ɗan'uwanka a ba ka lada. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne yadda suke nuna takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, mutum ya ga hatimi ya saki jiki. Rajistar CAC shaida ce kawai cewa kamfani yana da suna a littafin gwamnati. Izinin karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari a hannun SEC yake, hukumar da ke kula da kasuwar zuba jari. Wannan bayani bai kai minti biyu ba, amma je ka tashar 'yan adaidaita sahu ka tambaya ka ji mutum nawa suka san shi.

Haka batun banki. Da yawa daga iyayenmu mata har yau sun fi yarda da asusun gwangwani da ƙarƙashin katifa, saboda tsoron kada banki ya rushe. Tsoron nasu ba shirme ba ne, sun ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023. Sai dai ba wanda ya zauna ya gaya musu cewa akwai hukumar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, ta lambar BVN aka riƙa tura wa mutane kuɗinsu zuwa asusunsu na wasu bankuna. Katifar kuma ba ta kare kowa ba: a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, wato kuɗin da aka ɓoye farkon shekara ya tashi ba ya iya sayen buhun da yake saya a da.

Wani zai ce ai kuɗin ruwa ake gudu. Gaskiya ne, kuma ba abin a yi wa mutum dariya ba ne. To amma akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz na aiki tun 2012, TAJ ya zo a 2019, ga sukuk, takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ana gina hanyoyi da kuɗinsa, ana shiga da naira 10,000. Malamin Islamiyya ya fi mu iya isar da wannan, idan mun je mun same shi da ladabi.

Abin da nake roƙo shi ne mu daina yin kowa gashin kansa. Mu zauna, mu raba ƙananan hukumomin nan tsakaninmu, mu tsayar da saƙo guda cikin Hausa mai sauƙi, wanda ma'aikacin banki da malami suka duba suka amince. Sannan mu bi ta hannun waɗanda jama'a suka riga suka ba amanar kuɗinsu. Uwar adashe da take bin gida-gida karɓar zubi da ɗan littafinta a jaka ta fi kowane baƙo mai jawabi sanin wadda ke kasa zubi da dalilinta. Mai POS na bakin kasuwa kullum yana ganin tsohon da ke miƙa masa kati haɗe da lambar sirri a rubuce a takarda, shi ya fi dacewa ya ce, "Baba, wannan lambar ko ni kada ka nuna min." Ga shugabannin kasuwa a Kwari da Singa da Dawanau, ga gidajen rediyo da ake saurare har ƙauye.

Kuɗin da za a kama ɗakin taro da shi ya isa kuɗin mota zuwa kasuwar ƙauye sau da yawa. Wanda ƙungiyarsa ta shirya ɗaukar ƙaramar hukuma ko da guda ce, ya fara da neman ranar da kasuwarsu ke ci.