Perfect Blue: an kwaikwayi hoton baho, an kasa kwaikwayon sauran

Da an tayar da zancen tasirin Perfect Blue, fim ɗin zane na Japan, fitowar baho ake fara kawowa. Mima, tauraruwar fim ɗin, ta duƙunƙune cikin ruwan wanka, ana kallonta daga sama, sai ta ƙwalla ihu a ƙarƙashin ruwa, kumfa kawai ke tashi. Darakta Darren Aronofsky ya maimaita hoton kusan sak a fim ɗinsa Requiem for a Dream na 2000. Da ya fitar da Black Swan a 2010, masu kallo suka ce ai Mima ce ta koma Nina, tauraruwar wannan fim, shi kuwa ya ce ba daga can ya ɗauko ba. An daɗe ana wannan jayayya, alhali ita ce mafi ƙanƙantar abin da fim ɗin ya bari.

Perfect Blue shi ne fim na farko da Satoshi Kon ya ba da umarni, kamfanin Madhouse ya zana shi, tsawonsa minti 81. An fara haska shi a bikin Fantasia na Montreal a 1997, ya shiga silima a Japan a Fabrairun 1998. Daga littafin Yoshikazu Takeuchi aka ciro shi, amma Kon bai gamsu da labarin ba. Aka yarje masa ya sauya, da sharaɗin abu uku su tsaya: mawaƙiya tauraruwa, mai bibiyarta, da firgici. Shi da marubuci Sadayuki Murai suka cusa wasa cikin wasa, kuma nan ƙarfin yake.

Labarin yana tafiya a hawa uku. Akwai rayuwar Mima bayan ta bar ƙungiyar waƙa ta CHAM don ta zama jaruma. Akwai wasan talabijin na kisan kai da take fitowa a ciki, Double Bind. Sai abin da ƙwaƙwalwarta ke ƙirƙira. Al'adar masu fim ita ce su yi wa mai kallo alama idan an shiga mafarki: a sauya launi, a sa hazo, a canza kiɗa. Kon ya hana mu wannan. Layi ɗaya da launi ɗaya ne suka zana hawa ukun, kuma a tsakiyar motsi yake yanka hoto. Mima za ta fara juya kai a kan dandamali, ta ƙarasa juyawar a cikin jirgin ƙasa. Ido yana bin motsin, bai farga an sauya wuri ba sai an yi nisa. Can gaba sai a ga abin tashin hankali, a ji darakta ya ce a dakata, a gane ɗaukar fim ake yi, sannan ta farka a kan gadonta, sannan ta sake farkawa.

Masu kwaikwayo a nan suke faɗuwa. Sun ɗauka ruɗa mai kallo shi ne aikin, sai su jefa shi cikin duhu, a ƙarshe su ce ai duk mafarki ne. Kon bai yi ha'inci ba, ya ajiye shaidu a fili na wadda ke bayan abin da ke faruwa da Mima. Rumi, manajar Mima wadda ita ma tsohuwar mawaƙiya ce, ita ta haɗa mata kwamfuta ta koya mata shiga intanet. Ita ce ta fashe da kuka ta fice lokacin da ake ɗaukar fitowar fyaɗe. A ƙarshe Mima ta farka a ɗakin da ya yi kama da nata, sai ta lura kifayen da suka mutu suna iyo lafiya, hoton CHAM da ta cire yana manne a bango, ta leƙa taga ta ga wata unguwa daban. Da Rumi ta bi Mima da gudu kuwa, muna ganin mai bin a siffar Mima tauraruwa cikin jar riga tana tsalle kamar ba ta da nauyi, amma gilashin shago yana nuna Rumi ce ke haki, gumi na zuba. Zane kaɗai ke iya ɗora waɗannan biyun a hoto ɗaya ba tare da an ga ɗinki ba.

Sai wani shafin intanet a cikin fim ɗin, mai suna Ɗakin Mima. Wani yana rubuta labarin yininta da sunanta, har ƙafar da ta fara saukewa daga jirgi da irin madarar da ta saya. Da farko dariya ta yi. Daga baya ta koma karanta shafin don ta san abin da ta yi jiya. A 1997 aka zana wannan, shekara bakwai kafin a buɗe Facebook. Yau duk jarumar da aka buɗe wa shafin bogi, ko mabiyanta suka yi mata ca saboda ta sauya salo, ta san wannan ɗaki.

Kon ya ci gaba da wannan salon yanka a Millennium Actress na 2001 da Paprika na 2006, wanda ake yawan kwatanta shi da fim ɗin Inception. Ciwon daji ya ɗauke shi a Agustan 2010 yana da shekara 46, da fina-finai huɗu kacal, ya bar na biyar, Dreaming Machine, ba a kammala ba.