Baturiyar da ke ɗakin Maman Walida

Baba Audu da Baba Manu sun fi shekara ashirin suna gardama guda a majalisar ƙofar gidanmu da ke Fadaman Mada, wato kibiyar wa ta fi gudu. Dukansu tsofaffin maharba ne. Gwiwa ta hana su daji, amma baka da kwari na nan rataye a ɗaka, baki kuma bai yi ritaya ba. Baba Audu ya ce a zamaninsa kibiyarsa kan riga ƙarar tsarkiya isa wurin gada. Baba Manu, wanda kullum yake tuna mana shi jinin Baushe ne, maharbin nan da ake cewa daga sunansa aka samo Bauchi, sai ya ja tsaki ya ce tasa sai an fara fiɗa ake jin ƙarar.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare, kuma bakina ba ya shiru. Wata rana na ce musu sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, babu bakan da zai kama ƙafarsa. Baba Audu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam ƙarami, kai ka taɓa auna kibiyar?" Aka kwashe da dariya. Na haɗiye, amma abin ya tsaya min a maƙoshi.

Sai ga ƙanin matata ya zo hutu daga Jamus inda yake karatu. A can ya shiga ƙungiyar masu wasan harbi da bindigar iska, kuma cikin kayansa akwai wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki girma ba. Ya ce na'urar auna gudun harsashi ce. A Jamus bindigar iska da ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, duk wanda ya kai shekara 18 yana iya saya ba lasisi, in ta haura nan kuwa sai da takarda, shi ya sa masu wasan ba sa rabo da awo. Ya ce tsofaffin irinta idanu biyu gare su, suna ganin inuwar harsashi ta gifta na farko ta gifta na biyu su lissafa lokaci, kuma ba mutum ɗaya ba ne ya taɓa kuskure ya harbe na'urarsa da kansa. Wannan kuwa rada ce. Tana aika igiyar rediyo ta bugi abin da ke gudu ta dawo, daga canjin da aka samu ta gane saurinsa. Na ce ai wannan darasina ne na 'yan aji biyu, Christian Doppler, 1842, abin da ke sa hon ɗin tirela ya sauya murya in ta wuce ka a hanyar Jos. Na tambaye shi ko tana auna kibiya. Ya ce tana yi.

Abin nema ya samu. Ya bar min ita zai je Gombe gaishe da dangi, ya miƙo ɗan littafin bayaninta, na ce ya riƙe abinsa. Mutumin da ya san Doppler da shekararsa, me littafi zai ƙara masa?

Aibin akwatin guda ne, ba shi da allo. Maɓalli ɗaya, 'yar fitila shuɗiya ɗaya, shi ke nan. Lambobin a waya suke fitowa ta Bulutut, cikin wata manhaja. Daren Juma'a na so saukar da ita, wayata ta ce ba wuri, bidiyon gurup-gurup sun cinye ta. Na ari ta matata, Maman Walida, na gwada, nan take suka haɗu kamar dama sun san juna. Na kashe akwatin na kwanta da murmushi. Da asuba na share wa'azi da barkwanci na kusan shekara biyu, na saukar da manhajar a tawa.

Asabar da hantsi kangon bayan gidanmu ya cika. Maman Walida ta tafi suna Yalwa da ƙaramar wayarta mai tocila, babbar ta bar ta a caji tunda an kawo wuta. Muka jingina buhun ƙaiƙayi da katanga, na kifa turmi na ɗora akwatin. Baba Audu ya zo da bakansa a naɗe cikin tsumma, Baba Manu har da 'yar shara mai layu. Mai shayi ya rufe tebur ya taho da rediyonsa. Na yi ɗan jawabi a kan jemage da yadda yake jin amsa-kuwwar kukansa, na ce yau gani zai kori ji. Na danna maɓalli, fitila ta kama ta tsaya cak. Na buɗe manhaja.

Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Ya juya, ya juya. Baba Manu ya leƙo ya ce, "Me take yi?" Na ce tana gaisawa ne.

Bayan minti biyar na gaisuwa na shiga saitin Bulutut na wayar da kaina. Sunaye uku suka fito, duk haruffa da lambobi. Na zaɓi wanda ya fi kama da Jamusanci na danna, ya ce an haɗu. Na ɗaga hannu na ce an gama. Don in tabbatar da mataki na gaba na shiga WhatsApp in saurari saƙon muryar da surukina ya bar min, yatsana ya zame ya taɓa na ƙasansa. Sai rediyon mai shayi ya buɗe baki da muryar matata, ƙara a ƙure: "Baban Walida, kuɗin da ka bari ko manja ba su kai ba, kuma mai gawayi ya sake zuwa."

Kangon ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce, "To, wannan dai ta auna daidai."

Na kira surukina zufa na bin bayana. Ya ce kuskuren farko ke nan, irin waɗannan na'urori ba a haɗa su ta saitin waya, daga cikin manhajar ake nemo su, in ma ka haɗa ta saiti sai ka sa wayar ta manta da su tukuna. Ya tambayi wace Android gare ni, na ce 11. Ya ce to in kunna lokeshan in ba manhajar izini, don tun daga Android 6 waya ba ta yarda manhaja ta lalubi na'urorin Bulutut na kusa sai da wannan izinin, saboda ta hanyar laluben ana iya gane inda mutum yake. Sai a Android 12 aka ware wa abin izini nasa daban.

Kuskurena na biyu shi ne na maimaita wannan da ƙarfi. Baba Manu ya ja da baya taku biyu.

"Wurin da muke take son sani? Ta kai wa wa?"

"Baba, ba ta kai wa kowa. Ƙa'ida ce kawai."

"To ka gaya mata ni ban taɓa shiga Yankari da baka ba. Ko sau ɗaya. Wanda ya ce ya gan ni, Audu ya gani."

Sai da aka yi minti goma ana raba wannan sabuwar shari'ar. Na kunna lokeshan. Zobe ya ci gaba da juyawa. Na cire wayar daga tsarin tsimin batir, don shi ma yana shaƙe manhajoji. Na kashe waya na kunna. Na kashe akwati na kunna, fitila ta ɗan ƙifta sau biyu ta sake tsayawa cak. Na goge manhajar na sake saukarwa, datar ɗari biyar ta bi ruwa. Wai sunan Bulutut daga wani sarkin Denmark aka samo shi, Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa sama da shekara dubu da suka wuce. Ya haɗa ƙasa guda, ga shi an kasa haɗa min waya da sabulu, tazarar taƙi ɗaya.

Da dabara ta ƙare sai na ce wataƙila sai ta ji harbi za ta farka. Tsofaffin nan suka gyara tsayuwa. Gaskiya wannan wurin ya burge ni. Baba Audu da hannunsa ke rawa in zai ɗauki kofin shayi, yana ɗana kibiya rawar ta ɗauke, ya ja tsarkiya har kunne, fat, ƙaiƙayi ya yi tsalle. Suka yi ta yi bi da bi, kowa ya harba fiye da goma, yara na rige-rigen ciro kibau. Bayan kowane harbi sai duk a juyo a dube ni, ni kuma in dubi zobe.

Nan na yanke hukunci irin na masana, na ce matsalar famwaya ce. Ita ce manhajar da ke zaune a cikin akwatin kansa, kamar ƙwaƙwalwarsa, kuma in ta tsufa takan ƙi jituwa da sabuwar manhajar waya. Wannan gaskiya ne a littafi. Na ɗauko laftof, na sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin, na jona akwatin da igiyar cajar da ke aljihuna. Kwamfuta ta yi kamar ba a jona komai ba. Na sauya rami, na hura ramin, na juya igiyar. Wani ɗalibina da ya zo kallo, wanda na ba 38 a jarrabawar da ta wuce, ya matso a hankali ya ce, "Malam, wannan igiyar ta caji ce kawai. Zare biyu ne a cikinta. Mai ɗaukar data huɗu gare ta." Na ce na sani, gwada shi nake yi. Na ba shi mashin ya je Wunti ya sayo.

Sabuwar igiya ta yi aiki. Allo ya rubuto gargaɗi cewa kada a cire, kada a kashe har sai an gama, don in aka katse famwaya a tsakiya na'ura na iya komawa bulo, ba ta gaba ba ta baya. Layi ya fara cika. Ashirin, arba'in, sittin da ɗaya. Sai aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗina kuwa, in ya yi minti bakwai ya yi ƙoƙari.

Wanda bai ga malamin fiziks yana gudu a lungun Fadaman Mada da laftof a buɗe bisa tafin hannu biyu, akwatin Jamus na lilo a jikin igiya, ɗalibi na tallafe da shi kamar ƙwai, tsofaffi biyu da baka na biye, yara na ihu a baya, bai ga komai ba. Wata mata ta ja ɗanta ta rufe ƙofa. Muka faɗa shagon mai aski da ke da janareto, aka zare abin askin daga soket, wani bawan Allah ya zauna da rabin kai yana kallonmu har layin ya kai ɗari.

Muka dawo kango da nasara. Na ɗora akwati a turmi, na kunna. Fitila ta ƙifta, ta tsaya cak. Zobe ya ɗora daga inda ya tsaya.

Allah Ya taimake ni aka kira Azahar. Na bar ɗana Abba, mai shekara tara, ya yi gadi, na ce ko ƙuda kada ya bari ya sauka a kai.

Da muka dawo na tarar da Goggo, yayar mahaifina da ke zaune tare da mu, a zaure bisa tabarma da carbi, ga kaskon turare yana hayaƙi. Ta ce ba za ta koma ciki ba. Tun hantsi wata mace ke magana a ɗakin Maman Walida, kuma ɗakin a kulle yake. Ba ta sallama, ba ta amsawa, sai ta yi shiru ta yi shiru, can ta faɗi wata magana da Turanci. Goggo ta ce ta tofa duk abin da ta sani, matar ta tafi wajen awa guda, sai ga ta ta dawo.

Ana cikin haka Maman Walida ta sauka daga Keke Napep da ledar masar suna. Ta buɗe ɗaki, ta fito da waya a hannu, fuska ba annuri.

"Baban Walida, wace ce wannan ka sa min a waya?"

Wayar na kan taga, tagar kuma ita ce ke kallon kango, tsakaninta da turmin bai fi taku shida ba. Manhajar da na gwada daren jiya ban rufe ta ba. Duk lokacin da na kunna akwatin, kafin tawa ta gama gyara zama, ta matata ta riga ta cafke shi. Irin wannan akwati kuwa ba ya yarda da kishiya, in ya kama waya ɗaya sai ya daina sanar da kansa, sauran wayoyin duniya ba za su ƙara ganinsa ba. Fitilar da ta tsaya cak tun safe cewa take an riga an haɗu. In tana nema ne take ƙiftawa. Surukina ya ce wannan yana shafi na biyu a littafin.

Amma ga lambobi, reras, Baturiya ta karanta wa Goggo su ɗaya bayan ɗaya. 131, 138, 127, 142, 135, har ƙasa, ƙafa a daƙiƙa, wato wajen mita arba'in. Sauti kuwa a wannan ma'auni ya haura ƙafa 1,100. Na buɗe baki zan yi magana, Baba Audu ya riga ni.

"142 ɗin nan tawa ce."

"Taka a ina? Na ji a hannuna lokacin da ta fita."

Manhajar ba ta rubuta suna ba, ni ma ban rubuta wanda ya fara ba. Ana cikin cacar baki ɗalibin nan mai 38 ya ja allon ƙasa ya ce akwai wata a ƙarshe, 196. Tsofaffin biyu suka yi wuf, kowa ya ce ai ita yake nufi. Yaron ya ce an rubuta lokaci a gefe, ƙarfe biyu da minti bakwai. A lokacin duk muna sahu.

Muka juya gaba ɗaya. Abba na tsaye jikin katanga, hannu ɗaya a baya, jelar danƙo na leƙowa ta ƙasan rigarsa.

Baba Manu ya dubi Baba Audu, Baba Audu ya dubi Baba Manu. A shekara ashirin ban taɓa jin sun yi baki ɗaya ba sai ranar, suka ce Baturiyar maƙaryaciya ce, kuma abin da ya wuni a ɗakin mata ba ya yanke wa maza hukunci. Suka naɗe bakunansu suka fita tare, kafin su kai bakin lungu na ji an koma kan 142.

Goggo ta ce a kwashe mata kayanta zuwa ɗakin da ba ya kallon kango. Maman Walida ta goge manhajar a gabana, ta miƙo min hannu. Na ɗauka akwatin take son gani, na ɗora mata.

Ta ce, "Manja nake nufi."