A dawo da zanen tukuna, sannan a yi maganar ɓarawo

Duk wanda ya shiga gidan adana kayan fasaha na Isabella Stewart Gardner da ke Boston a Amurka zai tarar da wasu firam-firam rataye a bango, babu komai a cikinsu. Tun daren 18 ga Maris 1990 suke haka. Mutum biyu ne suka zo sanye da kayan 'yan sanda, masu gadi suka buɗe musu, suka ɗaure masu gadin, suka yi minti 81 suna zaɓar abin da suke so. Kaya 13 suka tafi da su, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai dala miliyan 500. A ciki har da zanen Vermeer, da zanen teku guda ɗaya tak da Rembrandt ya taɓa yi, wanda suka sa wuƙa suka yanke daga firam ɗinsa. Gidan ya sa tukwicin dala miliyan 10 ga wanda ya nuna inda suke.

Akwai masu ganin irin wannan tukwici, da sassaucin da masu gabatar da ƙara kan yi wa wanda ya dawo da kaya, tamkar saka wa ɓarawo ne da alheri. Na fahimci fushinsu, amma ban goyi bayansu ba.

Shahararren zane ba ya sayuwa. Ɓarawon da ya sace shi yakan gane haka bayan aikin gama ya gama, kayan su zame masa alaƙaƙai. Vincenzo Peruggia, ɗan Italiya da ya taɓa aiki a Louvre, babban gidan tarihi na Faris, ya fita da Mona Lisa ranar 21 ga Agusta 1911. Shekara biyu da 'yan watanni tana cikin akwati a ɗakinsa a Faris, ya rasa yadda zai yi da ita. Ranar da ya kai ta wa wani dillali a Florence, a Disamba 1913, shi ke nan asirinsa ya tonu. A wancan zamanin ma jaridu sun riga sun baza hotonta ko'ina, balle yanzu da kowane dillali zai duba rumbun bayanan 'yan sandan ƙasa da ƙasa cikin minti ɗaya.

Mona Lisa ta yi sa'a, ta dawo lafiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da kan faru idan mai riƙe da kayan ya firgita. Stéphane Breitwieser, Bafaranshe, ya kwashe kaya sama da 200 daga gidajen tarihi na Turai, ya jibge su a ɗakinsa a gidan mahaifiyarsa, bai sayar ba. Da aka kama shi a Switzerland a 2001, uwar ta tsorata, ta zuba wasu a cikin ruwa, ta lalata zane-zane da dama. Abin da ya shekara ɗaruruwa yana wucewa daga hannu zuwa hannu ya salwanta cikin 'yan kwanaki, saboda uwa na son ɓoye laifin ɗanta. Ko ba a yi niyyar ɓarna ba, ajiya kaɗai na ci. Zanen Edvard Munch da aka fi sani da The Scream, wanda 'yan bindiga suka ɗauke da rana tsaka a Oslo a 2004, ya dawo a 2006 da tabon danshi a kusurwarsa ta ƙasa, kuma tabon bai fita ba. Fenti da katako da ƙyalle ba su jure zafi, ba su jure laima. Kowace shekara da zane ya yi a ƙarƙashin gado tana rage masa kwana.

Shi ya sa nake ganin Jamus ta yi daidai a shari'ar Dresden. A Nuwamba 2019 aka fasa taskar sarakunan Saxony aka kwashi kayan ado masu lu'ulu'u sama da 4,300. A Disamba 2022, bayan tattaunawa da lauyoyin waɗanda ake tuhuma, aka dawo da kaso mai yawa. Kotu ta ɗaure mutum biyar a 2023, kuma ta yi musu sassauci. Mutane da yawa sun ji haushi. Amma kayan ado sun fi zane shiga haɗari, domin ana iya cire duwatsun a sake yanka su, a narkar da zinariyar, a sayar a warwatse. Ɗaurin shekara ashirin ba zai sake haɗa abin wuya da aka wargaza ba.

Hujja mafi ƙarfi a wajen masu adawa ita ce ta Naples. Zane biyu na Van Gogh da aka sace a Amsterdam a 2002 an gano su ne a 2016, kusa da Naples a Italiya, a wani gida mai alaƙa da wani ƙasurgumin dillalin miyagun ƙwayoyi na ƙungiyar masu laifi ta Camorra. Irin waɗannan mutane kan ajiye zane su jira ranar da za su yi cinikin hukuncinsu da shi. Idan hukuma ta saba sassautawa, in ji su, ta buɗe kasuwa ke nan. Wannan gaskiya ce, kuma ba ƙarama ba. Sai dai maganinta yana bakin ƙofa, tun kafin a yi satar. A Amsterdam tsani aka kafa aka fasa taga. A Boston mai gadi ne ya buɗe wa baƙi cikin dare. A Louvre, ranar 19 ga Oktoba 2025, motar ɗaga kaya aka jingina da bene da safe, aka shiga ta taga aka fita da kayan ado na Yuro miliyan 88 cikin 'yan mintuna. Gidan da ya ƙi kashe kuɗi a kan taga da kyamara da albashin masu gadi ba shi da bakin cewa ba zai yi magana da ɓarawo ba.

A Boston wa'adin gurfanar da ɓarayin kan satar kanta ya daɗe da wucewa, masu gabatar da ƙara kuma sun nuna a shirye suke su yafe wa wanda ya kawo kayan. Wadda ta kafa gidan ta bar wasiyya cewa kada a sauya tsarin ɗakunan, don haka firam-firam ɗin na nan inda suke, kuma yaron da aka haifa a daren da aka yi satar ya haura shekara 30 bai taɓa ganin jirgin ruwan da ke cikin zanen Rembrandt da idonsa ba.