Ƙwayar ƙarfe a tsohuwar bindiga

A zangon Kumasi za ka ji wasu mafarauta na cewa ƙarfe ya fi dalma kisa, har su sake cika kwanson harsashi da ƙwayoyin boris daga Suame, unguwar makanikai a Kumasi. Kuskure ne babba. Dalma na da laushi, tana lotsewa idan ta iso inda bakin bindiga ya tsuke. Ƙarfe kuwa ba ya lotsewa: ya karce ciki, ya kumbura bakin, tsohuwar mai baki biyu ma tana iya tsagewa a hannunka. Nauyinsa kusan kashi 70 ne na dalma, don haka awon albarushin dalma bai dace da shi ba. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma a 1991, amma saboda gubarta ne, ba don ƙarfe ya fi ta kisa ba.