Yoga ba gasar lanƙwasa jiki ba ce

Jama'a, duk hoton yoga da ke yawo a Facebook da Instagram iri ɗaya ne: wani ya tsaya da ka, wata ta naɗe ƙafa a bayan wuya kamar igiya. Wasu sun gani sun ce wannan ba nasu ba ne. Wasu kuma sun kwaikwaya, gwiwa ta kumbura. A ganina, duka biyun ba su ji abin da masu abin suka faɗa ba.

Yoga daga Indiya ta fito. Kalmar Sanskirit ce, tsohon harshen Indiya, asalinta daga ɗaurawa, kamar yadda ake ɗora wa shanun huɗa karkiya. Tsohon littafinta, Yoga Sutra na Patanjali, gajerun jimloli ne kusan 196, kuma ya kasa tafarkin gida takwas. Biyun farko tarbiyya ce zalla: kada ka cutar da mai rai, kada ka yi ƙarya ko sata, ka riƙe tsafta da wadatar zuci. Na uku shi ne asana, wato yadda ake ajiye jiki. Daga nan sai sarrafa numfashi, sai matakai huɗu na tattara hankali. Asanar da duniya ta ɗauka ita ce yoga, jimloli uku kacal aka yi mata, da sharaɗi biyu: zaman ya tabbata, kuma ya zama babu wahala. Manufar ita ce jiki ya daina damun mutum, zuciya ta samu ta lafa. Yawancin motsin da ake yayi yanzu a ƙarni na 20 suka bunƙasa, musamman a hannun malamin yoga Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Mysore ta Indiya a shekarun 1930, da almajiransa Iyengar da Pattabhi Jois.

Kada kuma a yaudari kowa cewa babu aƙida a ciki. Akwai. Falsafarta ta ginu kan raba ruhi da duniyar zahiri, ana rera "Om", sautin da addinin Hindu ke tsarkakewa, a azuzuwa da yawa, kuma jerin motsin Surya Namaskar ma'anarsa gaisuwa ga rana. Shi ya sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da irin waɗannan ibadu a 2008. Wanda miƙa jiki da numfashi kawai yake so, ya ɗauki nasa da saninsa, ya bar sauran.

Amfanin jiki kuwa na gaske ne, amma yana da iyaka. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon baya da ya daɗe: a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani. Tana sassauta jijiyoyi, tana taimaka wa tsofaffi tsayuwa ba tangaɗi. Ba ta warkar da ciwon suga ko hawan jini, kada wanda ya ajiye maganinsa.

Mai yini a kujera, tela ko direba, minti 15 ya ishe shi, kan tabarma, aƙalla awa 2 bayan cin abinci. Durƙusa kan gwiwa da tafin hannu, hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa. Ja numfashi ka saki ciki ƙasa ka ɗaga ƙirji, fitar da shi ka tura baya sama kamar kyanwa, sau 10 a hankali. Sai ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwa, ka ɗaga ƙugu har ya miƙe da cinya, ka tsaya a haka tsawon numfashi 5, sau 3. Matse ɗuwawu za ka yi. Idan ƙasan baya ne ke ɗaukar nauyin, to ɗagawar ta yi yawa. Ƙarshe ka zauna, ka ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar kana ƙirga 6, minti 3. Tsawaita fitarwar ce ke rage bugun zuciya.

Inda ake jin ciwo sananne ne. Zaman harɗe da ake ɗora kowace ƙafa kan cinya, daga ƙugu juyin yake fitowa. Gwiwa kamar ƙyaure take, buɗewa da rufewa ta sani. Idan ƙugu ya ƙi, ka ja ƙafar da hannu, guringuntsin gwiwa ne zai biya. Haka sunkuyawa don taɓa yatsun ƙafa: mai taurin jijiyar bayan cinya doro yake yi, nauyin ya faɗa kan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Ya ɗan tanƙwara gwiwa, ya sunkuya daga ƙugu. Tsayuwa da ka kuwa, mai hawan jini, mai gilakoma (ciwon ido da matsin cikin ido ke jawowa) da mai ciwon wuya su nisance ta, domin tana ƙara matsin ido, tana ɗora nauyin jiki kan ƙananan ƙasusuwan wuya. Mai juna biyu ta fara tambayar likita.

Jan jijiya mai sauƙi da za ka iya numfashi a kansa ba laifi. Amma zafi mai suka, ko ƙafa ta ɗauki mutuwa, ko ka ji kana riƙe numfashi, to ka sauka nan take, ka rage zurfin motsin da rabi gobe.