Daƙiƙa takwas na Fignon da abin da masoya tseren keke ke riƙewa a zuci

Laurent Fignon ya lashe Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, sau biyu, a 1983 da 1984, karon farko yana ɗan shekara 22. Amma ka ambaci sunansa a gaban wanda ya daɗe yana bin tseren keke, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne daƙiƙa takwas, wato ranar da ya sha kaye.

Ranar 23 ga Yulin 1989 ce. Bayan mako uku ana fafatawa, Fignon ɗan Faransa yana gaban Greg LeMond ɗan Amurka da daƙiƙa 50, abin da ya rage kuwa kilomita 24 da rabi ne daga Versailles zuwa tsakiyar Paris, irin tseren nan da kowa ke fita shi kaɗai agogo na alƙalanci. Kusan kowa ya gama yanke cewa hanyar ta yi gajarta a cike wannan giɓi. LeMond, wanda shekara biyu kafin nan aka harbe shi bisa kuskure a wurin farauta har ya kusa rasa ransa, ya fito da hular kwano mai tsini, ya ɗaura wasu sanduna biyu a kan kekensa da ke ba shi damar kwantar da hannuwa ya tsaga iska. Fignon ya fito kai ba hula, da tabaransa, gashinsa a ɗaure yana lilo a ƙeya, ga miki a mazauni da ke hana shi zama daidai a kan sirdi. LeMond ya riga shi da daƙiƙa 58, wato ya lashe gasar da daƙiƙa takwas kacal. Bayan tafiyar kilomita sama da 3,200, tazarar da ta raba su ba ta kai lokacin ɗaure igiyar takalmi ba. Fignon ya tsallake layi ya zube ƙasa, kuma har ya rasu a 2010 bai sake cin gasar ba.

Ina ganin masoya suna da gaskiya da suke riƙe irin wannan rana fiye da jerin zakaru, dalilin kuwa yana cikin yadda wasan yake. Mahaya kusan 180 ke tashi, zango 21 ne, mutum ɗaya ke tafiya gida da rawayar riga, wadda mai jagorantar gasar ke sawa. Mafi yawansu ma ba don kansu suke tuƙi ba: aikinsu su tare wa jagora iska, su koma motar ƙungiya su cuso gorunan ruwa a riga su kawo masa, idan tayarsa ta fashe su miƙa masa tasu. Ba a sayen tikitin kallo. Mutum zai yini a gefen hanya a kan tsauni, ayarin ya wuce cikin 'yan mintuna, sai dai a hawa keke ba ya gudu, don haka ana ganin fuska ƙuru-ƙuru: baki a buɗe, ido ya faɗa, gishirin gumi ya bushe fari a kafaɗar riga. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san cewa a wasan nan kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma da yawa sun ci gudun ba su ga zomon ba.

Shi ya sa Faransawa suka fi son Raymond Poulidor a kan Jacques Anquetil, duk da Anquetil ya ci gasar sau biyar. Poulidor ya hau mumbarin ukun farko sau takwas, bai taɓa ci ba, ko kwana ɗaya bai taɓa sa rawayar riga ba. Abin da ake tunawa shi ne hawan Puy de Dôme a 1964, su biyun kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ƙi barin ɗan'uwansa ya tsere. Poulidor ya rasu a 2019. A 2021 jikansa Mathieu van der Poel ya ci zango na biyu a Mûr-de-Bretagne, ya karɓi rigar da kakan bai taɓa samu ba, ya zauna yana kuka. Mutanen da ba a haife su ba a 1964 sun fahimci kukan sarai, saboda labarin ya iso musu daga bakin iyaye.

Labarin Eugène Christophe ya fi wannan tsufa. A 1913 yana gangarowa daga tsaunin Tourmalet ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye. Dokar lokacin ta ce mahayi shi zai gyara kekensa da hannunsa. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka kusan kilomita 10 zuwa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya kama guduma, alƙalan gasa na tsaye a kansa. Hannu biyu ba su isa riƙe ƙarfe da guduma da zuga wuta ba, sai wani yaro ya zuga masa, aka kuwa ci shi tarar mintuna a kan haka, bayan sa'o'in da ya riga ya rasa. Philippe Thys ɗan Beljiyam ne ya ci gasar shekarar, amma maƙerar ce ake zuwa gani.

Sai dai wannan son ganin wahala yana da farashi, kuma ba masu kallo ke biya ba. Ana yawan ba da labarin tsaunin Gavia a gasar Giro ta Italiya a 1988, ranar da aka hau aka gangara cikin dusar ƙanƙara, Andy Hampsten ya karɓi jagoranci ya zama Ba'amurke na farko da ya ci gasar. Ana ba da shi da sha'awa, ana mantawa da cewa wasu mahaya sun iso ƙasa jikinsu na kakkarwa, yatsunsu ba sa iya matsa birki. Ranar 13 ga Yulin 1967 Tom Simpson ɗan Birtaniya ya faɗi matacce a gasar Tour kusa da ƙolin Mont Ventoux cikin tsananin zafi, yana da shekara 29, aka samu ƙwayar amfetamin a jikinsa. Har yau masu hawa tsaunin suna ajiye gorar ruwa a gindin dutsen tunawa da shi. A 2023 Gino Mäder ya rasu bayan faɗuwa a wata gangara a gasar Suwizalan. Duk lokacin da aka taƙaita zango saboda ƙanƙara ko zafi, sai ka ji wasu na cewa mahayan zamani sun yi laushi. Ban yarda da su ba ko kaɗan. Ƙa'idar tsananin yanayi da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kawo a 2016 ta ma makara ne. Mai zaune a inuwa ba shi da hurumin neman a maimaita Gavia domin ya samu abin ba jikoki labari.

Akwai kuma ranakun da ƙwaya ta ɓata. A 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong nasarorinsa bakwai na Tour, na 1999 zuwa 2005, saboda amfani da magungunan ƙara kuzari, aka bar gurbin ba sunan kowa, shi da kansa ya amsa laifi a Janairun 2013. Littafi ya goge, amma wa zai goge abin da ido ya gani a 2003 a gangarar zuwa garin Gap? Kwalta ta narke don zafi, tayar Joseba Beloki ta zame ya bugi ƙasa, Armstrong da ke bayansa ya kauce ya ratsa ta cikin gona, ya sauka ya tsallake kwalbati da keke a hannu, ya koma hanya. Ƙwarewar gaskiya ce, mai ita kuwa maguɗi ne, kuma a ganina duk mai ba da labarin ya faɗi duka biyun. Ya kuma ƙara da Beloki, wanda ya zo na biyu a 2002, ya karya ƙashin cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu a wurin, bai sake komawa matsayinsa ba.

Masoya ba sa manta hali. A Tour na 2010 sarƙar keken Andy Schleck ta zame a hawan Port de Balès, Alberto Contador bai jira ba, ya ci daƙiƙa 39, kuma tazarar da ta raba su ke nan a ƙarshen gasar. An yi wa Contador ihu a kan mumbari. A 2022 Tadej Pogačar ya faɗi a gangarar Spandelles, Jonas Vingegaard ya sassauta har ya iso shi, suka gaisa a kan keke. Babu dokar da ta tilasta masa.

Abin da ake tunawa kuma ya dogara da masu kallo, su kuwa suna ƙaruwa. A 2015 Daniel Teklehaimanot ɗan Eritriya ya sa rigar gwanin hawan tsauni mai jajayen ɗigo-ɗigo a Tour. A 2022 Biniam Girmay, shi ma ɗan Eritriya, ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam, ya ci zango a Giro, sannan toshiyar kwalbar murna ta fallo ta buge shi a ido a kan mumbari, dole ya janye daga gasar. A 2024 ya ci zango na uku na Tour a birnin Turin, baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya yi haka, ya ƙara biyu, ya kammala da koriyar rigar maki a Nice. Pogačar ne ya ci Tour ɗin, bayan ya ci Giro a shekara guda, abin da ba a gani ba tun Marco Pantani a 1998. Amma a Asmara, babban birnin Eritriya, idan ana maganar Yulin 2024, Turin ake nufi.