Riƙon tsohuwar motar gudu: inda Jos ta fi Ingila, da abin da ke kashe mana su

A nan Ingila inda nake zaune, motar da ta shekara 40 ana iya ɗauke mata harajin hanya da binciken shekara-shekara da suke kira MOT, a sa ta rukunin motocin tarihi. A Jamus shekara 30 ce, a ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe. Duk watan Nuwamba zauren NEC na Birmingham cika yake da tsofaffin motoci da masu sayar da kayansu, kuma akwai kamfani, British Motor Heritage, da ke buga sabon bodin MGB, wata tsohuwar motar gudu ta Ingila, ɗungurungum ga wanda nasa ya ruɓe. Wanda ya ga haka sai ya ɗauka wannan sha'awa ta Turawa ce, mu namu kallo. Ni ban yarda ba. Mai irin wannan mota a Rayfield ko Bukuru ya fi takwaransa na Birmingham sa'a ta fuskoki da dama, kuma yawancin waɗanda ke mutuwa a hannunmu wasu 'yan ɗabi'un gyara ne ke kashe su, waɗanda za a iya bari tun gobe.

Babban abokin gabar mota a nan gishiri ne. Duk lokacin sanyi ana watsa shi a titi don narkar da ƙanƙara, ya shiga lungunan bodi ya ci ƙarfe daga ciki, shi ya sa kaso mai yawa na kuɗin farfaɗo da mota a nan kan tafi ne wajen yanka da walda, ana kuma biyan ma'aikaci da awa. A Jos ba gishiri a titi, ba iskar teku irin ta Legas, sannan muna da hannu. Mai bugun bodi a Farin Gada zai fitar maka da lanƙwasar fenda daga farantin ƙarfe da guduma kawai, mai ɗinkin kujera ya kwaikwayi ɗinkin asali, mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi maka bushin da aka daina bugawa. Hatta bakin mai mai lamba 20W-50 da waɗannan injuna ke so, a nan sai an neme shi da sunan man tsofaffin motoci, a gida kuwa kowane gidan mai yana da shi. A dai saya inda aka amince, saboda jabu.

Zaɓen mota shi ne rabin aikin. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar Ingila mai sitiyari a dama matsala ce wajen rajista, ga dokar kwastam da ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemi wadda ke cikin ƙasa da takardunta, kuma wadda danginta suka zauna da mu. Mercedes SL samfurin R107, da aka yi daga 1971 zuwa 1989, ita ce ta farko a wurina: injin M110 na 280SL shi ne na 280E, masu silinda takwas kuma, M116 da M117, su ne na manyan S-Class na zamanin, saboda haka a wuraren kayan mota na Dilimi a Jos ko Apo ta Abuja ba za a rasa wanda ya san su ba. Peugeot 504 Coupé, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, injinta mai silinda huɗu ɗan gida ɗaya ne da na 504 da PAN ta harhaɗa a Kaduna, amma bodi da fitilunta nata ne ita kaɗai, in sun fashe sai an aiko daga Faransa. Volkswagen Karmann Ghia kuwa Beetle ce a ƙarƙashi. MGB da Datsun 240Z da aka yi wa kasuwar Amurka sitiyarinsu a hagu yake, kuma sauƙin gyara gare su.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Mota ta fara zafi, a kai ta gareji, abu na farko a cire tamostat a jefar, a ce, "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne, nan ba ma buƙatarsa." A Jos ma ake faɗar haka, garin da daren hunturu kan sa mutum ya nemi bargo biyu. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya daɗe bai kai nan ba, fetur yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka bakin mai, zobban fistan su ci da wuri. A Mercedes abin ya fi muni, don tamostat ɗinta aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, faifan da ke gindinsa kuma yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa inji kai tsaye. In aka cire shi, ruwa da yawa ya riƙa zagayawa ke nan bai ratsa lagireto ba, motar ta ƙara zafi a hawa, daga nan sai gasket ɗin kan inji. Wanda aka cire wa tamostat ya mayar. Ga MGB akwai na digiri 74, da 82, da 88, kuma na 82 ya dace da Jos. Ainihin dalilin zafin a neme shi inda yake: lagireto da ya toshe, fanbel mai santsi, kulocin fanka da ya mutu, taimin da ya yi baya, ko murfin lagireto.

Murfin nan ba ƙaramin abu ba ne a garinmu. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, inda ruwa ke tafasa a kusan digiri 96 maimakon 100. Murfi mai lafiya da ke riƙe matsin bar 1 yana ɗaga wannan zuwa sama da 115. In robarsa ta tsage, tazarar da ta rage tsakanin zafin aiki da tafasa 'yar kaɗan ce. Sai ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farar ƙasa a bututun lagireto, yana kuma cin kan inji na alminiyam, wanda shi ke kan Mercedes da 504 da 240Z. A haɗa ruwan kulan da tataccen ruwa, irin na ƙarin batir wanda ba asid a ciki, rabi da rabi, a canja duk shekara biyu. Bature don kada ruwa ya daskare yake sa kulan, mu don maganin tsatsar da ke cikinsa.

Tsayin Jos yana taɓa kafireto ma, abin da littafin gyaran Ingila ba zai damu da shi ba, tunda yawancin garuruwansu kusa da matakin teku suke. Iska ta fi sirara a wurinmu, inji yana rasa kusan kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfinsa, fetur kuma ya yi wa iskar yawa: baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi da toka, shan mai ya ƙaru. A kafireton SU na MGB, da Hitachi mai kama da shi na 240Z, gyaran a notin ƙasa yake. A SU ana farawa da sauke shi zagaye biyu, wato fuska 12 na notin, a bar inji ya yi zafi, sannan a ɗaga fistan ɗin kafireton kamar milimita ɗaya. In gudun inji ya hau ya tsaya a sama, mai ya yi yawa, a ɗaure notin fuska ɗaya. In ya nemi mutuwa, ya yi kaɗan. In ya ɗan hau ya dawo, an dace. A kafireton Solex ko Weber babban jet ake ragewa, kuma da wuya a buƙaci wuce mataki ɗaya, misali daga 125 zuwa 120. Amma a yi hattara: motar da aka matse wa mai sosai a Jos, in ta gangara Akwanga ta nufi Abuja ko Lokoja, iska ta yi kauri, man ya gaza, inji ya ɗau zafi ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar tana huda fistan. Mai yawan sauka ya bar saitin a tsakiya.

Fetur kansa sai an kula. A Ingila tun Satumbar 2021 fetur na yau da kullum ya koma E10 mai har kashi 10 na ethanol, wanda ke cinye tsofaffin tiyo, kuma kowa ya san abin da yake saya. Mu ba ma sanin me ke cikin tankin gidan mai, an kuma ga abin da fetur mai yawan methanol ya yi wa motoci a farkon 2022. Saboda haka duk tiyon mai a sauya shi da mai lamba SAE J30 R9, a sauke tanki a wanke tsatsa, a sa matata kafin famfo. Kuskuren da ke jawo gobara shi ne a ɗaura wa motar kafireto famfon motar nozul. SU matsin da bai wuce psi 3 ba yake so, famfon nozul kuwa yana ba da ninkin haka fiye da goma, sai fetur ya malalo kan bututun hayaƙi mai zafi. A ajiye abin kashe wuta na kilo 2 inda hannu zai kai, ba can cikin but ba.

Mercedes masu tsarin nozul na Bosch K-Jetronic nasu daban ne. Matsin mai a ciki ya haura bar 5, kuma sandar da ke raba mai ga nozul tazararta ba ta ɗaukar ko ƙwayar tsatsa. Akwai wani ɗan sukuru da ake juyawa da alanki mai milimita 3, shi kowa ke fara taɓawa, alhali shi ne na ƙarshe. Kafin shi a auna matsin mai da geji, inji da sanyi da kuma da zafi, a nemi inda iska ke satar shiga. Masu silinda takwas kuma, in an ji kwaramniyar sarƙa na 'yan daƙiƙu da safe, a tsaya: robobin da sarƙar taimin ke bi sun tsufa, in ɗaya ya karye bawul zai haɗu da fistan. 380SL ta Amurka ta 1981 zuwa 1983 sarƙa mai layi ɗaya gare ta, ita ta fi wannan haɗari.

Bambancin garejin nan da namu ba basira ba ce, awo ne. Makanikinmu na ji da kunne abin da na nan sai ya sa na'ura, amma kunne ba ya gaya maka tazarar bawul ɗin MGB inci 0.015 ce da sanyi, ko notin kan injinta ƙarfin fam-ƙafa 45 zuwa 50 yake so, bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. Mai mota shi ya kamata ya sayi littafin gyaran samfurinsa, da sifanar awon ƙarfi, da ma'aunin tazara, da fitilar taimin, da gejin matsin silinda, da mita, ya kai gareji ya zauna a yi aikin tare. Haka wajen mai wayarin. Wayoyin Lucas na motocin Ingila irin MGB kowace kala da ma'anarta: ruwan ƙasa wuta kai tsaye daga batir, fari daga makulli, kore daga makulli ta fiyus, baƙi kuma as, wato wayar da ke komawa jikin bodi. In aka sake wayarin da jan waya nadi guda, an makantar da duk wanda zai zo baya. Fiyus ɗin Mercedes fari amp 8 ne, ja 16, shuɗi 25. Wanda ya naɗa waya a madadin fiyus ya mayar da wayarin motar gaba ɗaya fiyus.

Duk mai saukowa Hawan Kibo, doguwar gangarar nan daga tudun Jos, da motar da ta shekara arba'in ya san matsayin birkinsa. Man birki yana shan danshi: sabon DOT 4 sai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 155, a gangara mai tsawo sai feda ta tafi ƙasa. A zubar a sa sabo duk shekara biyu, a canja tiyon roba na ƙafafu ko da sun yi kyau a ido, don ta ciki suke kumbura, a kuma sauka da giya ta biyu ko ta uku. Taya a karanta lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ke bin haruffan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta shekara goma a cire ta ko zanenta bai goge ba.

Rashin gishiri bai hana damina aikinta ba. Jan laka da ganye suna toshe ramukan fitar ruwa a ƙasan ƙofa da gaban gilashi, kuma R107 a nan take ruɓewa, ƙarƙashin murfin fankar hita, har ruwa ya sauko kan kafet. Kafin a saya a bi bodi da maganaɗisu, inda bai kama ba fila ce. Fila kada ta wuce milimita 3. Ruɓaɓɓen wuri a yanke a dasa sabon ƙarfe, a yi waldar ɗigo-ɗigo ana bari yana hucewa, domin wutar gas tana murɗe faranti mai kaurin milimita ɗaya. Fenti a buɗaɗɗen fili cikin ƙurar hunturu asarar kuɗi ce, a sami rufaffen ɗaki a jiƙa ƙasa. Ranar tudu kuma tana fasa dashbod da rufin tamfol, ga ƙanƙarar da kan zubo da ruwan farko, don haka rumfa wajibi ce. Leda ba ta maye gurbinta, danshi take tarawa.

Kan gyaran ƙari, ina goyon bayan duk abin da za a iya kwancewa a mayar da na asali: taimin na lantarki a madadin kwantak, rile ga manyan fitilu, ƙarin layi a lagireto, farantin kare kwanon bakin mai saboda tudun rage gudu. Kada a rage wa mota tsayi. MGB mai bamban roba, daga ƙarshen 1974, an ɗaga ta wajen santimita 4, a nan raina ta ake yi tana kuma da araha, alhali ita ta fi dacewa da titunanmu. Abin da ba na so shi ne a cire injin asali a dasa na Toyota don an gaji. In dole ta sa, a zuba wa tsohon mai a silinda, a rufe shi a ajiye tare da giyarsa, kuma kada a yanka bodi. Duk rasit da kwanan watan aiki a tara su a fayil guda, don a nan mai saye fayil yake fara buɗewa kafin bonet.

Motar da ke ajiye kuwa, tayar da ita minti biyar a tsakar gida ruwa kawai yake tarawa a salansa da bakin mai. A fita da ita aƙalla sau biyu a wata, tafiyar rabin awa, ta yi zafi sosai, a taka birki, a shiga kowace giya. In za ta yi wata uku ba motsi, a cire kan batir, a ƙara wa taya iska, a saki birkin hannu a sa mata waigi, a toshe bakin salansa da na matatar iska da ragar ƙarfe saboda ɓeraye.